Allurar tsayar da amai: Haɗarin da ba a faɗa wa mutanen Karfi

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da masara ke goyo a gonakin Karfi da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtua, shi ne kuma lokacin da amai ke yawaita a gidaje. Sauro ya samu kududdufai, ruwan sama yana kwasar ƙazanta yana zubawa a rijiyoyi, matasa kuma suna yini da tankin feshi a baya. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya sa mutum amai, kuma kowanne da irin maganinsa. Amma a kantin magani sau da yawa amsar ɗaya ce: a fasa wata 'yar ƙaramar kwalba, a zuƙe, a tsira wa mara lafiya. Jama'a na kiranta allurar amai, wasu su ce Plasil ko Maxolon. Sunan da ke rubuce a jikin kwalbar shi ne metoclopramide.

Maganin ba na banza ba ne. A Faransa aka samar da shi a shekarun 1960, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Aiki biyu yake yi: yana toshe saƙon da ke tayar da amai a ƙwaƙwalwa, yana kuma sa tumbi ya tura abinci zuwa hanji da sauri. Shi ya sa ake ba wanda aka yi wa tiyata, da mai matsanancin ciwon ɓarin kai, da mai ciwon suga da abinci ke daɗewa a cikinsa. Idan ta jijiya aka yi, cikin minti uku ya fara aiki, ta tsoka kuma minti 10 zuwa 15. Mai juna biyu da laulayi ya hana ta riƙe ko ruwa tana samun sauƙi da shi a hannun likita, kuma wani babban bincike da aka yi a Denmark aka wallafa a 2013 bai gano cewa yana ƙara haɗarin nakasa ga jarirai ba.

Matsalar ita ce ƙasashen da suka fi kowa sanin maganin sun daɗe da gindaya masa sharuɗɗa, labarin kuwa bai iso kantunan ƙauye ba. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a rubuta gargaɗi mafi tsanani a jikin kwalinsa. A 2013 takwararta ta Tarayyar Turai ta ƙara matsewa: kada a wuce kwana biyar ana amfani da shi, kada babba ya wuce miligiram 30 a yini, wato kwalba uku masu miligiram 10, kuma a bar aƙalla awa shida tsakanin wannan da wancan. Ta haramta shi kwata-kwata ga jaririn da bai kai shekara ɗaya ba. Daga shekara ɗaya zuwa 18 kuwa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, bayan wani maganin ya gaza, kuma bisa nauyin yaron. Mai yin allurar ta jijiya dole ya tura ta a hankali, cikin minti uku ko fiye.

Dalilin wannan taka-tsantsan abu ne da iyaye da yawa sun gani da idonsu ba tare da sun san sunansa ba. Sinadarin da maganin ke toshewa a ƙwaƙwalwa, dofamin, shi ne kuma ke daidaita motsin tsokoki. A jikin wasu mutane, musamman yara da 'yan mata da matasa, bayan 'yan awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu da yin allurar sai wuya ya karkace, idanu su kakkafe sama, harshe ya fito ko ya yi nauyi, muƙamuƙi ya riƙe, baya ya banƙare. Mutum yana ji yana gani, hankalinsa na nan, amma jikinsa ya ƙi bin umarninsa. Kwalba ɗaya tak tana iya jawo wannan. Haɗarin na ƙaruwa idan aka haɗa ta da wata allurar amai irin Phenergan ko Largactil, abin da ake yi idan ta farko ta ƙi ci.

A gidan da ba a yi wa kowa bayani ba, yarinya 'yar shekara sha biyar da idanunta suka juye sama ba sunan magani za ta tuno wa kowa ba. Wani zai ce iska ce, a kira mai ruƙiyya, a turara hayaƙi. Wani zai ce sanƙarau ne, wani ya ce farfaɗiya. Ba laifi ba ne a yi wa mara lafiya addu'a, amma wannan lalura tana da makari a asibiti, allura ce da ke sassauta tsokokin cikin ƙanƙanin lokaci. Jinkiri na da haɗari, domin a wasu lokuta riƙewar kan taɓa maƙogwaro ta hana numfashi. Akwai kuma tabon da ba ya gogewa: budurwar da aka yi ta yaɗa cewa tana da aljanu ko farfaɗiya, maganar na iya bin ta har ranar da aka zo neman aurenta, alhali kwalbar magani ce ta jawo. Ko a asibiti ma, jami'in da ba a faɗa masa an yi allurar ba yana iya ɓata awoyi yana neman cutar da babu ita.

Tsofaffi nasu haɗarin daban ne. Wanda ya mayar da maganin abin sha ko abin yi na watanni saboda kumburin ciki yana iya wayar gari baki da harshe da fuska na motsi da kansu, kuma wannan kan ƙi warkewa ko an daina. Tsofaffi mata da masu ciwon suga sun fi shiga wannan haɗari.

Illar da ta fi kisa kuwa ba ta cikin kwalbar. Amai alama ce ta wata cuta, allurar kuma alamar kawai take kashewa. Yaron da ke amayar da duk abin da aka ba shi, ga zazzaɓi, ma'aikatan lafiya na ɗaukarsa a matsayin wanda ke cikin haɗari, domin yana iya zama zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ke buƙatar allurar artesunate da kwanciya a asibiti. Idan aka tsayar da aman, gida ya yi shiru, kowa ya kwanta, cutar na ci gaba da cin jininsa har asuba. Mai amai da gudawa ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, abin da zai cece shi shi ne ruwan gishiri da sukari, kaɗan-kaɗan a kai a kai, ko ƙarin ruwa idan abin ya yi nisa. Annobar kwalara ta 2021 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Katsina na cikin jihohin da ta shafa. Rashin ruwa ne ke kashe mai kwalara, kuma allurar amai ba ta mayar da ko cokali ɗaya.

Haka manomin da ya dawo daga feshin ƙwari yana amai, yana gumi, yawu na dalala, numfashi na sarƙewa. Guba ce ta shiga jikinsa. A cire masa kayan, a wanke shi da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da robar maganin feshin. Mafi muni shi ne mai toshewar hanji, ko wanda taifot ya huda masa hanji: ciki ya kumbura ya yi tauri, ba bayan gida, ba tusa, aman ya koma kore. Maganin da ke tilasta wa hanji motsi haramun ne ga irin wannan. Tiyata yake buƙata, kuma kowace awa da ta wuce tana rage masa damar tsira.

A doka, mai kemis ba shi da izinin yin allura. Lasisin da hukumar PCN ke ba shi na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai. Amma duk wanda ya san yankin ya san dalilin da ya sa ake ƙwanƙwasa ƙofarsa da tsakar dare. Ƙananan asibitocin ƙauye ba kowanne ke da mai kwana ba. Fita zuwa Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtua cikin duhu kasada ce a yankin da 'yan bindiga suka addaba, inda a watan Agustan 2025 aka kashe masallata suna sallar asuba a Unguwar Mantau. Mai kemis maƙwabci ne, yana ba da bashi har kaka, kuma sau da yawa mai jinya ne ke matsa masa, don an yi imani allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Rufe shaguna kaɗai ba zai sauya wannan ba, zai dai mayar da allurar cikin ɗaki inda ba mai gani.

Saboda haka aikin farko na Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Katsina ne: a samu jami'i mai kwana a asibitin kowace mazaɓa, aƙalla a watannin damina, da ruwan ƙari, da kayan gwajin zazzaɓi, da makarin wannan lalura a cikin akwati. PCN da ƙungiyar masu kemis su koya wa mambobinsu alamomin da ke nufin a tura mara lafiya gaba nan take, sannan a hukunta wanda ya tsira wa jariri allurar da aka haramta masa. NAFDAC na da ikon sa kamfanoni su rubuta gargaɗin da Hausa. Ma'aikatan da ke bi gida-gida suna raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓi a damina suna iya isar da saƙon cikin minti biyu, haka ma gidajen rediyo da limaman Juma'a. Masu ruƙiyya su ma ya kamata a zauna da su, domin tambaya ɗaya daga bakinsu, ko an yi wa yarinyar allura jiya ko yau, za ta iya sauya inda za a nufa da ita.

Kafin hukumomi su motsa, mai jinya na da haƙƙin ya tambayi sunan duk allurar da za a yi wa nasa, a rubuta masa a takarda tare da lokacin da aka yi ta. Idan babu mai rubutawa, ya karɓi kwalbar da aka fasa ya naɗe a leda. Likitan da ke bakin aiki a Malumfashi, da zarar ya ga yarinya da karkataccen wuya aka kuma miƙa masa kwalbar, zai san allurar da zai ɗauko.