Makarantar fasaha ba juji ba ce

Duk shekara, da sakamakon BEPC ya fito, sai wani uba ya iske ni rai a ɓace: an tura ɗansa makarantar fasaha, ko na san wani a sama da zai maido shi lise? Bana wani ya ce mini shi bai haifi bakanike ba. Bisa babur ya zo, wanda bakanike ya tada masa da safe.

Amma mu malamai muka fara. Mu ke ce ma yaro cikin aji: "In ba ka dage ba, koyon sana'a za a kai ka." Wajen ba da shawara kuma mu ware ma lise masu ƙoƙari, sauran mu zuba su can. To, wanda bai iya lissafi ba, ta yaya zai auna ƙarfin wuta, ko nauyin da bene zai ɗauka? Lise teknik Ɗan Kasawa da IUT ta Maraɗi, inda ake karatun gini da lantarki, masu kaifin kai suke bukata.

Ɗalibina da ya fi kowa lissafi, can na ce ya nema. Wata biyu mahaifiyarsa ba ta amsa gaisuwata ba.