Hangen Landan Ba Shiga Birni Ba Ne

Akwai wata cuta da ta kama ɗalibanmu, har da wasu malamai, wadda ya kamata a faɗe ta ba tare da kara ba. Da zarar mutum ya sami damar ƙaro ilmi a Ingila, ko ya ɗaura niyyar komawa can da zama, in ka tambaye shi garin da zai sauka, amsa ɗaya ce: Landan. In ka nemi dalili, sai ya dube ka sheƙeƙe. Bai san kuɗin hayar ɗaki ba, bai san wanda zai tarye shi ba. Suna kawai ya ji, kuma burinsa a riƙa faɗa a unguwa cewa ɗan wane yana Landan.

Kakanninmu ba haka suka yi ba. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro ba su sauke kaya a Salaga ko Kumasi don daɗin suna ba. Sai sun tabbatar akwai zango, akwai mai masauki da zai riƙe amanar dukiyarsu, ya tsaya musu in ciniki ya rikice, akwai kuma jama'ar da za ta sallace su in ta Allah ta kasance. A kan wannan tsari aka kafa Sabo ta Ibadan a 1916, ga ta nan har yau tana karɓar baƙi. Su da ba su da digiri sun san matambayi ba ya ɓata, mu masu digiri muka raina tambaya.

To, bari mu yi lissafi, tun da aljihu ba ya jin kirari. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta shaida tsadar birnin. A watan Janairun 2025 ta ƙayyade cewa kafin ɗalibi ya sami biza, sai ya nuna fam 1,483 na guzurin kowane wata in a Landan zai yi karatu, in a wani gari ne kuwa fam 1,136. Ratar fam 347 ke nan a wata, fiye da fam 3,000 a wata tara. Juya wannan zuwa naira, wadda darajarta ta zube tun 2023, sannan ka tuna gonar wa aka sayar aka yi maka guzuri.

Na san abin da za a ce: ai a Landan aiki yake. Gaskiya ne, amma doka ba ta yarje wa ɗalibin digiri ya wuce awa 20 a mako yana aiki a lokacin karatu ba, ɗan abin da ya samu kuwa haya da kuɗin jirgin ƙasa sun lashe. Wasu za su ce sai a can ake samun masallaci da naman halal. Ƙidayar 2021 ta ƙaryata su: kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen Birmingham da na Bradford Musulmi ne.

Kada a ɗauka ina gaba da Landan ne. Wanda fanninsa ya kai shi SOAS, makarantar da ta yi suna wajen nazarin harsunan Afirka, ko wanda yake da yayan da zai raba ɗaki da shi, ya tafi, Allah ya kiyaye hanya. Wannan yana da hujja. Faɗana da wanda ba shi da wata hujja sai son a sani.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka cika takarda, ka nemi wanda ya shekara a garin, ka tambaye shi nawa yake biyan haya, wane aiki ake samu, wa zai zo maka in ka kwanta ciwo. In ya yi maka shiru a kan ta ukun, sake gari.