Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Tabbatar da Ingancin Kaya, SON, kan ƙafa ta uku ta fulogi

Ranka ya daɗe,

Abin da ya faru a gidan ƙanwata ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A bazarar da ta wuce ta sayi firiza sabuwa fil don sana'arta ta ƙanƙara da zoɓo. Ba a yi wata guda ba, ɗanta mai shekara shida ya dafa murfin, ƙafarsa ba takalmi, siminti kuma a jiƙe. Wuta ta fizge shi ta yar. Allah ya tsare, ya tashi, amma har yau ba ya shiga ɗakin. Da mai gyaran wuta ya kwance bayan firizar, a gabana ya nuna mini wayar atin, mai launin kore da ɗorawa. Tana nan, sai dai a kan fenti aka ɗaure ta, notin ma da yatsa ya warware shi. Waya ba ta taɓa ƙarfe ba tun ranar da aka haɗa ta.

Ka fi ni sanin aikin wannan waya. Idan wuta ta tsallake zuwa jikin ƙarfe, ita ce ke kwashe ta zuwa ƙasa, fis ya ƙone, mutum ya tsira. Shi ya sa ƙafar sama ta fulogi, wadda ita ce ta atin, ta fi sauran tsawo, don ta riga shiga soket, ta kuma zama ta ƙarshe wajen fita. In babu wayar atin, jikin mutum ne hanya, ga wutarmu bolt 230 ce, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba yana iya hargitsa bugun zuciya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, gwajin da zai kama wannan aibi na 'yan daƙiƙoƙi ne. Ƙa'idar IEC 60335 ta kayan wutar gida ta fayyace shi. A gwajin samfuri ana tura aƙalla amfiya 25 tsakanin atin da jikin ƙarfe, turjiyar kada ta wuce om 0.1. A kan layin haɗawa kuwa, kowane kaya ake bi da aƙalla amfiya 10. Da gangan aka sa wutar mai ƙarfi, domin ƙaramar mita tana iya yin ƙara ko da silin waya ɗaya ne ya rage, amma wuta mai nauyi sai ta tona asirin sakakken noti.

Hukumarka tana da tsarin tantancewa na MANCAP don kayan da aka ƙera a cikin ƙasa, da na SONCAP don na waje. Roƙona shi ne kada tambarin inganci na NIS ya tsaya kan samfuri ɗaya da aka gyara aka kawo muku. Jami'anku su riƙa neman rajistar gwajin kowane kaya da lambarsa, su kuma sayo daga kasuwa, a Sabon Gari ko Alaba, su gwada da kansu.

Sai kuma ƙananan maƙera masu haɗa injin ƙanƙara da na ƙyanƙyasar ƙwai da tandun burodi. Mutane ne masu basira, amma da yawansu ba su taɓa ganin na'urar gwajin ba. Rufe musu shago ba zai koya musu komai ba. A ajiye na'ura a hannun ƙungiyoyinsu, a horar da yaransu, a sa kuɗi kaɗan kan kowane gwaji.

Na san za a ce gidaje da yawa ba a kafa musu sandar atin a ƙasa ba. Gaskiya ne, kuma wannan magana ce da za mu kai wa NEMSA, hukumar duba ayyukan lantarki. Amma gidan ƙanwata yana da ita, mai gyara ya tono ya gani. Daga masana'anta aka yanke hanyar.

Ina sauraron amsarka.

Wassalam,
Wani magidanci daga Kano