Zancen hanya: Damagaram zuwa Yamai bisa babur, da wa za a tafi?

 

Kowace shekara in an gama girbi, an sayar da wake da riɗi, sai samari su shiga sayen babur. Wanda ya saya kuwa ba ya son zama. A fada ko a bakin kasuwa sai ka ji ana cewa: "Bana kam da babur ɗina za ni Yamai." Wani cin rani za shi, wani ziyarar ɗan'uwa, wani kallon kokowa in takobi ya faɗo yamma. Ba laifi ba ne. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kilomita wajen 900 ne, ba zuwa cin kasuwar Mirya ba ne. Na lura duk mai shirin wannan tafiya babur yake fara dubawa: taya, sarƙa, fitila. Ni kuwa na ce a fara duban mutanen da za a tafi da su. In babur ya lalace a Gidan Rumji akwai makaniki. In abokin tafiya ne ya lalace, babu mai gyaransa a can.

Mutum nawa ya kamata? Mutum ɗaya dai kada ya soma. Biyu ma da saura, don in ɗaya ya faɗi ya ji ciwo, na biyun bai san abin da zai yi ba: ya tsaya da shi, ko ya bar shi cikin daji ya tafi neman taimako? Uku ko huɗu shi ne daidai. Ɗaya ya zauna da mai ciwo da kaya, ɗaya ya ruga gari na gaba. In aka wuce biyar kuma an shiga wata wahala. Ba a tashi kan lokaci: wannan yana shan shayi, wancan ya manta takardunsa. Ban da haka, zamanin nan taron babura abin tsoro ne. Ɓarayin daji da ƴan ta'adda bisa babura suke zuwa, da yawa a tare. In babura goma suka shigo ƙauye da ƙura, mata za su kwashe yara, sojan da ke bakin shinge kuma ba zai tarbe ku da dariya ba.

Wajen neman abokai, ku fara da makaniki. Shi ya san wanda ke juye baƙin mai kan lokaci, ya san wanda ke ɗaure birki da waya yana cewa gobe. Ya kuma san wanda ke biyan bashi. Tsofaffin ƴan kabu-kabu ma sun san hannun kowa a gari. Wanda ka haɗu da shi a WhatsApp kaɗai, ba ka san gidansu ba, ba ka san ubansa ba, a bar shi ya bi bis. Ga dalili. In jandarma suka buɗe kayansa a shinge suka tarar da ƙwaya, ko aka gane babur ɗin na sata ne, ba shi kaɗai za a riƙe ba, duk wanda ya zo tare da shi sai ya yi bayani. Don haka daren tashi kowa ya kwance kayansa gaban ƴan'uwa, kowa ya nuna takardunsa: katin shaida, takardar mallakar babur, asiransi, binyat da parmi. Wanda ya ji haushin wannan, ya nuna maku halinsa tun a gida, kun huta.

Abokin hira daban, abokin tafiya daban. Akwai wanda ya fi kowa daɗin zama a fada, amma in ya hau babur sai ya zama wani mutum: ba ya son a wuce shi, ba ya waiwaye. Akwai mai fushi in ya ji yunwa. Akwai wanda ba ya tashi da asuba ko da ganga. Ba a gane waɗannan a zaune. Ku gwada juna da ƙaramar tafiya, ku je Magariya ko Matamai ku komo rana ɗaya, da kaya a ɗaure kamar ranar gaske. Kafin ku dawo kun san mai gudu, kun san mai nawa, kun san wanda ya tsaya da aka yi faci da wanda ya wuce ya jira ku a inuwa yana cin tsire. Cikin ƙungiyar a samu aƙalla mutum ɗaya da ya iya cire taya ya mayar, da wanda ya taɓa bin hanyar. In da mai jin Zabarmanci, to madalla, don daga ƙasar Doso zuwa gaba zai yi maku rana wajen tambaya da ciniki.

Babura ma gara su yi kusa da juna wajen ƙarfi. In duka Kasea ne, ko duka Haojue, buji ɗaya da wayar kuloci ɗaya da robar cikin taya ɗaya sun ishe ku guzuri, kowa na iya amfani da su. In ɗaya babba ne sauran ƙanana, mai babban zai gaji da jira, masu ƙananan su kashe injinsu wajen binsa.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi, ita ce kuma aka fi jin kunyar yi: kuɗi, da abin da za a yi in wani ya lalace. Mu Hausawa muna cewa "ai mu ƴan'uwa ne, Allah ya kai mu lafiya," sai a tashi. Rana ta biyu injin wani ya buga a Galmi, makaniki ya ce jika 20, mai babur ba shi da ko jika 5. Nan zumunci ke tsagewa. Wani ya ce a taimaka, wani ya ce kuɗinsa na komowa ne, wani ya ce shi ana jiransa a Yamai jibi. Duk wannan a gida ya kamata a yanke shi, gaban wani dattijo. Kowa ya zuba abin da aka yarda cikin asusu ɗaya, a ba mutum guda ya riƙe, wani dabam ya riƙe littafi yana rubuta abin da ya fita. Abinci da masauki da faci daga asusu. Mai kuwa kowa ya sha daga aljihunsa, don babura ba su shan mai daidai. Babban gyara na mai babur ne. In asusu ya ranta masa, a rubuta, a sa ranar biya. A kuma faɗi kwana nawa za a jira wanda ya lalace. In kun ce kwana ɗaya, to kwana ɗaya ne. Bayan nan a ajiye babur ɗin wurin mai gari ko wurin makaniki da shaida, ko a ɗora shi bisa kamiyo, mai shi ya hau bayan wani. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne barin mutum shi kaɗai a bakin hanya da alkawarin za a aiko.

Kada a ɗauki kuɗin duka a jiki. A riƙe na kwana biyu, sauran a bar wa wani amintacce a gida ya riƙa aikowa ta Nita ko Amana in an sauka babban gari.

Ga lissafin mai, kowa ya yi nasa. Ka cika tanki, ka yi kilo 100 da kaya, ka sake cikawa, ka ga lita nawa ya sha. Mu ce lita 3. Kilo 900 ya zama lita 27, zuwa da komowa lita 54. A Yulin 2024 gwamnati ta mayar da litar esansi tamma 499, mu ce dala 100. Bisa wannan kuɗi lita 54 ta kama jika 27. Ka tambayi kuɗin lita na ranar da za ka tashi, ka sake lissafi, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar don ɓatan hanya da yawon cikin gari. Masu dogara da ƴan ruwa-ruwa su tuna, tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 man kwalba ya bar zama mai arha kamar da, kuma a Maris na 2025 an ga layin mai a gidajen mai na ƙasar nan. In ka samu gidan mai ka cika, ko tankinka na da rabi. In dole ta sa ka sayi na kwalba, ka ɗaga ta ga rana ka duba, a kuma tace da ƙyalle.

Bis na yin wannan hanya yini guda, sai samari su ce su ma kwana ɗaya ko biyu. Bis na da direba da kujera da gilashi. Kai kuwa iska da rana da ƙura duk a jikinka suke. Ni a ganina kwana huɗu ne. Ranar farko Damagaram zuwa Maraɗi, ta Takyeta, Tasawa, Gazawa, Agye da Cadawa, kilo wajen 240. Rana ta biyu Maraɗi zuwa Birnin Ƙwanni, ta Gidan Rumji, Madawa, Galmi da Malbaza, ita ma kusan haka. Ta uku ita ce doguwa: Ƙwanni zuwa Dogon Dutsi kilo wajen 145, Dutsi zuwa Doso wajen 135. Ta huɗu Doso zuwa Yamai, kilo wajen 140, ku shiga gari da hantsi ku nemi masauki ido na gani. In ana tafiya kilo 60 a awa, kilo 240 awa 4 ne bisa sirdi, da hutu da salla da cin abinci ya zama 6. A tashi in gari ya waye, a sauka kafin la'asar sakaliya. Duk awa ɗaya da rabi a tsaya, injin ya huce, a sha ruwa, a taɓa ƙullin kaya.

Me ya sa na ce a sauka da wuri? Mai zuwa Yamai yamma ya dosa. Daga ƙarfe biyar rana tana cikin idonsa, ba ya ganin rami, ba ya ganin amalanken jaki da ke komowa daga kasuwa ba fitila. Ranar komowa kuma da safe ne rana za ta tare ku. Dare kam ba na mai babur ba ne. Manyan motocin fasinja da tankokin mai da ke tasowa daga matatar SORAZ ba su kauce wa babur, fitilarsu ta makantar da kai, iskarsu ta jefa ka gefen gudro. Ko da rana, in ka hango su ka rage gudu ka ba su hanya.

A kan hanya mai nawa ne ke gaba, ba mai gudu ba. Makanikin ƙungiya da kayan gyara shi ne na ƙarshe. Kada a jeru kafaɗa da kafaɗa ana hira, a bar tazara. Kowa ya riƙa duban na bayansa a madubi. In ya ɓace, ka tsaya, na gabanka ma zai ga ka ɓace ya tsaya. A mararraba, kamar ta Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, ba mai wucewa sai an cika. Kaske kuwa a kai ake sa shi, a ɗaure igiyarsa. Rawani na tare ƙura, ba ya tare gudro.

Lokacin tafiya ma a zaɓe shi. Bayan kaka zuwa farkon sanyi ya fi. Cikin hunturu iska daga gabas maso arewa take busowa: za ta tura ku wajen zuwa, ta tare ku wajen komowa, babur ya ƙara shan mai, ga hazo. A sa riga mai kauri, sanyin asuba bisa babur ba wasa ba ne. Bazara zafi na fasa tsohuwar taya, yana kuma sa barci. Damina kuwa korama ba ta da alkawari. A Agustan 2024 ruwa ya yanke wannan hanya a Sore, bakin Yamai, manyan motoci ma suka yi kwanaki suna jira.

Saura magana ɗaya, kada a raina ta. Ba ko'ina ne aka yarda a hau babur ba. A 2015 hukuma ta hana yawo da babur a jahar Difa saboda Boko Haram. A farkon 2020 aka yi irin wannan doka a wurare da yawa na jahar Tilaberi. Ku sani kuwa, bayan Birnin Gaure hanyar Yamai ta ratsa ƙasar Tilaberi ne, ta Kure, garin raƙuman dawa, inda ƴan bindiga bisa babura suka kashe mutum 8 a Agustan 2020. Irin wannan doka ana sassauta ta, ana mayar da ita, wani wuri kuma a sa awoyin da ba a yawo. Labarin da wani ya ba ku na bara ba shi da amfani bana. Kafin ku tashi ku je wurin jandarma na garinku ku tambaya, ku sake tambaya a Ƙwanni, ku sake a Dutsi da Doso. In aka ce babur ba ya wucewa, kada wani ya ce ya san hanyar daji. Ku ajiye babura a gidan amintacce, ku ƙarasa da mota. Wannan ma a yarda da shi tun a gida, a ware kuɗinsa. In kun iso shinge ku rage gudu tun daga nesa, ku buɗe fuska, ku shiga ɗaya bayan ɗaya, ku kashe inji, mutum ɗaya ya yi magana da sunan kowa.

Kafin tashi a rubuta sunayen matafiya da lambobin babura da garuruwan da za a kwana, takarda biyu. Ɗaya a aljihun mai riƙe littafi, ɗaya a hannun dattijon da ya yi shaida. Kowane maraice in an sauka a buga masa waya, shi kuma ya gaya wa iyaye da matan aure. In magariba ta yi bai ji ku ba, ya san garin da zai fara tambaya.

Sai wata mai kamawa, in Allah ya kai mu.