Hukuncin Riƙon Yara Idan Uwa Ta Sami Taɓuwar Hankali

Ga wani al'amari da ya yawaita a garuruwanmu. Mutum ya saki matarsa, sa'an nan ciwon taɓin hankali ya same ta, sai ya aika a kwaso 'ya'yansa ya danƙa wa kishiyarta, yana cewa shari'a ce ta ba shi. Bana ma na ga haka a kan wata yarinya da ke karatun allo a zaurena, wata huɗu ba a bar ta ta ga uwarta ba.

To, ku sani wannan ƙarfin hali ne, ba shari'a ba. A mazhabarmu ta Imamu Malik, riƙon ɗa namiji na uwa ne har ya balaga, na ɗiya mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Gaskiya ne hankali sharaɗi ne ga mai riƙo, kuma malamai sun tsananta a nan, har suka hana wanda haukansa ke zuwa yana tafiya, domin tsoron halakar yaro. Amma idan riƙo ya faɗi daga hannun uwa, ba ya tsallakawa ga uba. Kakar yaro ta wajen uwa ita ce gaba, sa'an nan 'yar'uwar uwa, uba yana can baya. Ci da tufafi kuwa suna wuyansa duk inda yaron yake.

Ga abin da aka fi jahilta. Muhtasar na Shehu Halilu ya bambanta tsakanin wadda ta rasa riƙo don ta yi wani aure, da wadda ta rasa shi saboda ciwo. Ta farko ko an sake ta ba ya komawa gare ta. Ta biyu kuwa, ranar da ta warke haƙƙinta ya dawo. Ashe wanda ya riƙe yaro a lokacin jinyar uwa ajiya aka ba shi.

Kuma ba kowace damuwa ce hauka ba. Mace takan shiga baƙin ciki mai tsanani bayan haihuwa, ta bar ci, ta bar barci, alhali ta san ɗanta, tana kuwa warkewa da magani. Miji mai jin haushi bai isa ya yanke wannan hukunci ba, haka maƙwabta. Akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Wajibi ne alƙali ya nemi takardar likita kafin ya raba uwa da ɗa. In ya raba, ya rubuta cewa na lokacin jinya ne, ya sanya ranar da za a sake duba maganar, ya kuma umurci a riƙa kai mata yaron tana ganinsa a gaban kakarsa.