Raddi ga masu cewa zink ba magani ba ne

Wata magana ta zauna a bakin wasu masu kemis, daga Ƙauran Namoda har Shinkafi da Zurmi: wai gudawar yaro ta haƙori ce, Flagyl ya isa, zink kuwa ɓata lokaci ne.

Suka ce haƙori ne. Muka ce haƙori ba ya kawo zawo. Fitowarsa ce ke dacewa da fara rarrafe, sa'ad da yaro ke kai duk abin da ya tsinta baki. Sau da yawa bairos ne, irin su rota, wanda Flagyl ba ya ko taɓa shi.

Suka ce zink ba ya kashe ƙwayar cuta, ina amfaninsa? Nan kuskuren ya fi muni, don sun zaci ɓarnar duka ta ƙwayar cuta ce. Idan cuta ta shiga hanji, fararen ƙwayoyin jini kan fesa mata wani nau'in oksijin mai ƙuna, wanda ke cin fatar cikin hanjin ma kamar yadda tsatsa ke cin kwano. In ya yi yawa, enzayim ɗin da ake kira kainas su kai saƙo cikin ƙwayar halitta, mannewarta da maƙwabciyarta ta saki, sannan wani enzayim, kasfas, ya ƙarasa ta. Ruwa ya yi ta zuba, abinci ya wuce ba a tsotse shi ba. Mai rage dafin shi ne enzayim SOD, enzayim katalas kuma ya mayar da ragowar ta zama ruwa da iska. To, SOD ɗin nan da zink da jan ƙarfe yake aiki, zink kuwa cikin zawon yake zubewa. Gero ma, da muke tinƙaho da shi, yana da sinadarin da ke tauye tsotsar zink, sai in an tsima shi kamar na koko.

Suka ce da zawo ya tsaya a daina zink. A 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da miligiram 20 kullum, kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga ɗan ƙasa da wata shida, tare da ruwan gishiri da sukari. Tsayawar zawo daban, warkewar hanji daban. A tantancewar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a Shinkafi da Zurmi a Yunin 2024, yaro ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Da me hanjin irin wannan yaro zai gyara kansa?

Malam mai kemis, in uwa ta zo, ka ba ta zink, ka ce ta cika kwanakin, kada ta hana yaro nono. In akwai jini a kashin, ka tura ta asibiti.