Mun yi sake da tramol, kada mu yi sake da ais

Jama'ar Gabi, mu gaya wa juna gaskiya. Lokacin da tramol ta shigo, cewa muka yi maganin gajiya ce, ɗan kabu-kabu ya sha, manomi ya sha. Yau ga inda ta kai mu.

To, wadda ta fi ta tana tafe. Sunanta metamfetamin, samari na ce mata ais, don kamar ƙanƙara take. Tun 2011 hukumar NDLEA ta gano inda ake dafa ta a Legas, kuma abin da ya shiga kasuwar Najeriya, iyakar Ɗan Isa ba ta hana shi ƙetarowa.

Ɗan ƙanwata ya dawo da ita daga ci-rani. Kwana uku ba barci, ba ci, yana soshe fata wai ƙwari ke yawo a ciki, yana zargin uwarsa da yi masa sammu. In ta sake shi sai baƙin ciki, sai ya koma. Shekararsa 22.

Don Allah a bar ɗaure irin su da mari. Jaraba ciwo ce, a kai su likita. Dillali kuwa, ko ɗan wane ne, a kai sunansa jandarma. Shugabannin fada, ku ɗauko zancen nan yau wajen shayi.